Inda Jirgin Dakta Balduwino Ya Nufa

Duk wanda ya ce ya zauna a unguwar Sa'alaba ta Jidda amma bai san Kawu Na'ibi wanzami ba, to a ɗaki ya yi zamansa da ƙofa a rufe. Mutum ne gajere, siriri, gemunsa a gyare ya yi tsini a ƙasa, gashin baki kuwa an murɗe shi da mai yana kallon sama. Kullum da baƙar kwat a kan jallabiyarsa, a zafin Jiddan nan da kyanwoyi ma ke gudu ƙarƙashin mota. Ga sanda a hannu tun ƙafarsa na lafiya lau. In ka tambaye shi dalili sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Haka Dakta yake yi." Ba hauka ba ne, ko da yake matarsa Saudatu ta sha cewa shi da hauka katangarsu ɗaya.

Asalinsa mutumin Ringim ne, ɗan gidan wanzamai. A shekarar 1975 ya zo aikin hajji da Saudatu, suka bar 'yarsu ta fari, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, a hannun kakarta, da cewa wata ɗaya za su yi su dawo. To a Mina ne magana ta lalace. Na'ibi ya ga kawunan alhazai jere iya ganin ido, kowane kai na neman aska, ga kuma zabirarsa a rataye, don ko masallaci ba ya zuwa ba ita. Ya yi aski har hannunsa ya sage. Da aka zo tafiya sai ya ce wa Saudatu, "Mu tsaya mu ga hajji mai zuwa, sai mu koma da abin kirki." Hajji mai zuwa ya zo ya wuce, na bayansa ma haka. Suka kama ɗaki a wani hoshi, wato gidan haya mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, na wani Hamad, jikan Hausawan Sudan, haihuwar Jidda. Iƙama dai, wato takardar izinin zama, babu, don haka kowa ya san ranar da suka fita daga ƙasar sun fita ke nan, ba dawowa.

Yarinyar da aka bari sunanta Barakatu. Mu muna iya faɗa, amma ban da uwarta. Saudatu irin matan da ce masu alkunyar ɗan fari: tun ranar suna ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, ba ta tambayar lafiyarta, in ma ana zancenta sai ta tashi ta ce tukunya na ƙuna. Kowace shekara alhazan Ringim kan zo da kaset daga gida. Da farko muryar ƙaramar yarinya ce tana gaida Baba, daga baya ta zama ta budurwa, daga baya kuma aka fara jin kukan jariri a bayanta. In an kunna, Saudatu kan juya wa rediyo baya tana tsintar shinkafa kamar ba da ita ake ba. Amma da Na'ibi ya fita aiki ya dawo da yamma, sai ya tarar batir ya mutu murus, ita kuma ta ce batiran zamani ne ba su da ƙwari.

Ba ta taɓa cewa tana son ganin 'yarta ba. Sai dai ta ce kukar Jidda ba ta kaɗuwa, ko ta ce gumin teku na cin mata gwiwa, ko kuma ta ce an ce bana damina ta yi kyau a Ringim. Amma abin da take so a duniya guda ɗaya ne, ta ga yarinyar nan da idonta kafin ƙasa ta rufe ɗayansu. Na'ibi ya sani sarai. Shi kuwa abin da ya riƙe shi kunya ce da tsoro. Uban da ya ce wata ɗaya, da wane ido zai kalli 'yar da ta girma ba shi? Yana cikin neman abin da zai laɓe a bayansa sai Allah ya kawo masa Dakta.

Lokacin nan Jidda na ta tsirar benaye, kamfanonin gine-gine sun cika gari. Na'ibi ya kafa kujerarsa a wani lungu a unguwar Ammariyya, da madubi rataye a bangon mutane. Wata Juma'a da safe sai ga wani jan Bature mai tumbi, sunansa Jokin, kuku ne a sansanin wani kamfanin mutanen Fotugal. Ya zo rungume da hoton wani dattijo a cikin gilashi, ya jingina shi a gaban madubi, ya nuna gemun dattijon, ya nuna haɓarsa. Na'ibi ya dubi gemun hoto, cikakke mai tsini, ya dubi na Jokin, wanda in ka zauna kana iya ba kowane gashi suna. Ya ce, "Bature, ni wanzami ne, ba manomi ba." Jokin bai ji ba, ya zauna. Daga ranar ya zama kowace Juma'a sai ya zo, suna hira da guntun Larabci da hannu da ido, hoton kuma ya bar shi a nan don kada wanzami ya manta fasali.

Dattijon hoton, in ji Jokin, shi ne Dakta Balduwino, mutumin ƙauyensu, kakan Jokin ne ma ke riƙe masa lema. Ya yi karatu har ya gaji, ya rubuta littattafai, ya caccaki sarkin ƙasarsu a jarida, aka ɗaure shi, ya fito, ya sake caccaka. Daga baya shi da abokansa suka kori sarkin, suka kafa jamhuriya, inda ba a gadon mulki sai wanda jama'a suka zaɓa. Ranar da Jokin ya zo kan korar sarki, har yana nuna yadda aka yi da ƙafa, Na'ibi ya yi wuf ya toshe masa baki da tawul, kumfa da komai, yana leƙen bakin lungu.

"Kai Bature, rufa mini asiri! A ƙasar nan kake wannan zance? Kai kana da fasfo, ni ko katin asibiti ba ni da shi!"

Daga nan duk in an zo wajen sarki sai a koma raɗa. Aka ba Dakta babban muƙami, aka ƙara masa, har ya zama shi ne a sama. Ko gaskiya ce zalla ko da ƙarin gishirin kuku, oho. Na'ibi dai ya haɗiye duka bai tauna ba. Sai kuma mutanen da Dakta ya yi wa wahala suka ishe shi da tsegumi da zagi. Wata safiya ya ajiye musu mulkinsu, ya sa kwat, ya ɗauki sanda, ya sauka tashar jiragen ruwa, ya hau jirgi.

"Ina ya nufa?" in ji Na'ibi, aska a sama.

Jokin ya dubi agogo ya zabura, ya ce ya bar wake a kan wuta. "Juma'a, in sha Allah!" Juma'a ta zo ba Jokin. Ta bayanta ma shiru. Na'ibi ya wanke ƙafa ya tafi sansanin, ya tarar kamfani ya gama aiki ya kwashe, ba kowa sai gangunan banza da kyanwoyi. Ya dawo ya zauna ya zuba wa hoton ido, hoton ma ya zuba masa.

To, daga nan ne Na'ibi ya ɗauki rayuwar Dakta ya yafa. Ya tsayar da gemu irin nasa, ya samo kwat da sanda a kasuwar gwanjo. Da ya tuna Dakta marubuci ne, sai ya sayo takardu ya duƙufa da ajami, ya rubuta littafi a kan ire-iren gemu da halin masu su: mai gemun kaza rowa gare shi, mai gemun kaza ba ya riƙe sirri. Ya gama ya adana a akwati yana jiran duniya ta shirya. Gara ce kaɗai ta karanta shi, ita kuwa ta karanta har bango.

Saura korar sarki, kuma sarki na nan a gida. A hoshin Hamad akwai tankin ruwa guda, mota ke kawo ruwan, famfon kuma da kwaɗo. Makullin na hannun Ɗan'azumi, wani ƙaton mutumin Damagaram mai dako a kasuwa, wanda ya gaji makullin daga yayansa. Sarkin Ruwa ake ce masa, kuma yana amsawa. Sai ya ga dama yake buɗewa, shi ke fara wanka, in ya shiga banɗaki kuwa har waƙa yake yi mutane na layi da buta. Na'ibi ya tsaya a layin yana jijjiga kai yana raɗa wa na kusa da shi, "Gado ke nan fa, ba zaɓe. Haka aka yi a Fotugal." Ba wanda ya san inda Fotugal take, amma kowa na jin fitsari, don haka magana ta shiga.

Juyin mulkin da safe aka yi shi. Ɗan'azumi na ciki yana waƙa, makulli rataye a ƙusa a saman katangar banɗaki. Na'ibi ya hau bokiti ya miƙa sandar Dakta ya ƙwamuso makullin, sai ga shi ya taho har da wandon sarki, don a mazagin wandon aka ɗaure shi. Waƙa ta tsaya cak. Aka yi ta ciniki ta bayan ƙyaure, jama'a na waje, sarki na ciki tsirara yana rantse-rantse. A ƙarshe ya sauka daga mulki aka miƙa masa wandonsa. Ranar nan aka yi zaɓe: duk mai so ya ajiye takalminsa, kowa ya ci dabino ya jefa ƙwallon a takalmin wanda yake so. Takalmin Na'ibi ya cika, na Ɗan'azumi kuwa ƙwallo ɗaya, nasa.

Kalmar jamhuriya ba a faɗinta da ƙarfi. In baƙo ya tambaya sai a ce adashi ake yi. Duk da haka labari ya kai kunnen mai gida, ya zo a fusace da mota.

"Ya Kawu, esh hada, mene ne wannan? An ce kun yi juyin mulki a hoshina! Wallahi in aka ji, halas, da ni da ku duka mun tafi."

"Adashi ne, ya Hamad."

"Adashi da shugaban ƙasa?"

"Babban adashi ne."

Hamad ya dubi kwat, ya dubi gemu, ya dubi sanda, ya ce la haula, ya shiga motarsa ya tafi.

Mulki kuwa, kai! Na'ibi bai san haka yake ba. Kowa shi ne zai fara ɗiba. Mai wanki ta ce an fifita mai tuwon sayarwa, mai tuwo ta ce an fifita mai wanki. Ɗan'azumi ya kafa kujera a gindin famfo ya zama ɗan adawa na dindindin, duk ɗigon da ya zuba ƙasa sai ya ce, "A zamanina ba a yi haka ba." Aka yi shekaru ana wannan. Ranar da motar ruwa ta ƙi zuwa, wata mata ta tsaya a tsakar gida ta ce ai shugaba ne ya ƙarar da ruwan talakawa wajen gyaran gashin baki. Na'ibi ya ji zafi har ƙahon zuciya, amma a ƙasan zafin akwai ɗan daɗi, don ya gane wurin: nan ne daidai inda aka ishi Dakta. Ya jefar da makulli a tsakar gida, ya sa kwat, ya ɗauki sanda, ya ce shi ya yi tashar jiragen ruwa.

Saudatu na ji zuciyarta ta yi tsalle. Ta san labarin Dakta kaf, an ba ta shi ya fi a ƙirga, ta san bayan murabus sai jirgi. Kafin ka ce me ta ɗaure tukwane, ta naɗe tabarmi, ta yi wa maƙwabta sallama. Shi kuwa Na'ibi ya je ya tsaya a bayan shingen tasha yana kallon jirage, rana na dukan kwat, har wani mai gadi ya fara tahowa da alamar tambayar takardu. Ya juyo gida da azahar yana neman abinci, ya tarar da kaya a ɗaure.

"Ina za mu?" in ji shi.

"Na ga Dakta jirgi ya hau, Malam."

"Ya hau. Amma wa ya san inda ya nufa? Ni ba zan hau jirgi a makance ba. Sai na ji ƙarshen labari."

Ta durƙusa ta kwance kayan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora tukunya. Wannan abu da ya yi mata, gaskiya, rashin imani ne, kuma shi ma ya san haka, don ranar bai iya cin abincin ba.

Haka rayuwar Kawu Na'ibi ta tsaya a bakin tasha shekara da shekaru. Duk farin mutumin da ya zauna a kujerarsa sai ya nuna masa hoto: Turkawa, Girkawa, mutanen Sham, ba wanda ya san dattijon. Kakar yarinya ta rasu. Kaset ya wuce, wayar hannu ta zo, in an kira daga Ringim Saudatu ta miƙa masa ta koma gefe tana kasa kunne. Ɗan'azumi ya tsinci makullinsa, sarauta ta dawo ba ko gardama. Gemun Na'ibi ya yi fari fat, ƙafa ta fara neman sandar da gaske, har ya dawo da kujerarsa ƙofar hoshi a Sa'alaba. In Saudatu ta ce kukar Jidda ba ta kaɗuwa, sai ya nuna mata hoto da baki.

Bayan hajjin 2011 wani tsoho ya sauka a ɗakin baƙi na hoshin, jirginsu ya yi jinkiri. Alhaji Husaini sunansa, Bafulatanin Gini-Bisau, mai Larabcin littafi da yawan istigfari. Ya zauna a gyara masa fuska, ya ɗaga ido ya ga hoton, ya ce, "A'a! Dakta Balduwino!" Saura ƙiris aska ta tafi da kunnensa. Ashe an karantar da su tarihin mutumin a makarantar Turawan Fotugal da suka mulki ƙasarsu, daga baya kuma ya yi aikin gini a Lisbon, babban birnin Fotugal, a kan wani titi mai gunkin Dakta, tantabaru na yi masa abin da suka ga dama.

"Ka san inda jirgin ya kai shi?" in ji Na'ibi.

"Na sani mana. Ai daga nan sai..."

Na'ibi ya toshe masa baki da tawul. Ya ce maganar da aka jira shekara talatin da ɗoriya ba a yinta a bakin titi da kumfa a fuska. Sai Juma'a bayan la'asar, a gaban jama'a, da shayi. Haka ya faɗa. Gaskiyar ita ce tsoron jin ƙarshen labarin yake yi.

Saudatu na bayan ƙofa, ta ji komai. Daga ranar kwanuka suka fara tafiya ɗakin baƙi: dambu, fura, tuwo da naman rago. Kukar Jiddan da ba ta kaɗuwa sai ga ta ta kaɗu har tana ƙamshi. Na'ibi kan hango ta tsaye daga wajen ƙofar baƙon, lulluɓe da mayafi, tana ta zuba masa Larabcin kasuwa, shi kuma yana ta istigfari. Ya ji daɗi, ya ce a ransa matar tsohon shugaba ta san darajar baƙon ƙasa.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora hoton a kan kujerar aski. Ɗan'azumi, ba haƙori ko ɗaya yanzu, ya zauna a gaba da makulli a wuya. Hamad ma ya zo, ya ce shi dai kallo ya kawo shi. Mata na bayan labule. Alhaji Husaini ya zauna yana zufa, irin zufar mutumin da ya gama hajji jiya-jiya, ga kuma naman rago a cikinsa.

Ya ce jirgi ya yi ta tafiya a teku. Can sai Dakta ya buga sanda ya ce wa matuƙi, juya, gida za ni. Aka juya. Ya sauka ya hau jirgin ƙasa, don gidansu a bayan tashar jirgin ƙasa yake. A ƙofar gidan akwai tsamiya.

"Akwai tsamiya a Fotugal?" in ji Ɗan'azumi.

Alhaji Husaini ya share goshi. "Akwai. Guda ɗaya ce."

Ya ci gaba. Dakta ya sayi tumaki biyu yana kiwo. Da safe a dama masa koko, da rana dambu. Matarsa da ke fama da ciwon gwiwa ta warke sarai, har tana zuwa biki da ƙafa. Hamad ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na'ibi ya gane gidansu na Ringim ake siffantawa, ya juya a hankali ya dubi labule, ya ga yatsun ƙafar Saudatu a ƙasa, sun ƙanƙame tabarma. Ransa ya ɓaci. Au, da dambu aka sayi tarihin Fotugal? A gaban jama'arsa? Ya dafa sanda zai miƙe ya tashi taron.

"Sai 'yarsa ta fito," in ji Alhaji Husaini, ya runtse ido kamar mai tilawa. "Ba ta yi fushi ba. Ba ta ce masa me ya sa ka daɗe ba. Ta karɓi sandarsa, ta kawo masa ruwa. Sunanta..." Ya dakata, ya gyara harshe don kada ya ɓata abin da aka ba shi amana. "Barakatu."

Da lafazin mutanen Ringim ya faɗe shi, tsaf. Na'ibi ya koma ya zauna. Baki ɗaya ne a duk Jidda zai iya koya wa Bafulatanin Bisau sunan nan haka, kuma ba sau ɗaya za a faɗa masa ya riƙe ba, sai an maimaita, an sake maimaitawa. Matar da ta haɗiye sunan nan tun ranar suna ta tsaya a ƙofar baƙo tana faɗinsa. Kuma ashe duk shekarun nan ta san abin da yake tsoro, ba ta taɓa tona shi ba. Tausayinta ya kama shi, kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Ana ta shan shayi ana musu a kan tsamiya, ya ja baƙon gefe. "Alhaji, tsakaninka da Allah."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya kamar an ɗauke masa buhu. Ya ce wata ƙasa jirgin ya kai Dakta, ba tasa ba. Ya kama ɗaki a wani masauki a bakin teku, ya ce in abubuwa sun daidaita zai koma. Kowace shekara sai ya ce baɗi. A ɗakin ya mutu, ma'aikatan masaukin ne suka tarar da shi. Daga baya aka kwaso ƙasusuwansa aka kai gida da kaɗe-kaɗen soja.

"Yana da 'ya?"

"Yana da ita. Ita ta je tasha ta tari akwatin."

Na'ibi ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Haba Dakta. Duk iliminka?"

Ya dawo cikin taro, Ɗan'azumi na ta ɗaga murya yana cewa wannan labari ƙarya ce tsagwaronta, a zamaninsa ba a yi irinta ba. Na'ibi ya buga sanda a ƙasa, aka yi tsit.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Na bincika. Tsamiyar ma na san ta." Ya juya wajen labule. "Saudatu, a ɗaure kaya."

Murya ta fito daga ciki, a daƙile: "To, tunda Dakta ya ce."

Suka miƙa kansu inda marasa takardu ke miƙa kai, aka yi ta kai da kawo har aka sa musu rana a farkon 2012. Na'ibi ya bar wa hoshi kujera da madubi. Kwat kuwa Ɗan'azumi ya roƙa, ya sa ta nan take, ta tsaya masa a gwiwar hannu, ya ce dama sarauta ta fi dacewa da ita. Ya nemi a bar musu hoton ma a rataya a gindin famfo, Na'ibi ya ƙi.

Da safen tafiya Hamad ya kawo mota yana ta "Yalla, yalla, ya Kawu!" Saudatu ta leƙo ɗaki ta tarar da mijinta yana naɗe hoton a tawul.

"Malam, har da shi?"

"Har da shi. Bawan Allahn nan ya daɗe a hanya, shi ma ya ga gida." Ya ɗaure tawul ɗin, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Bai ɗago ba ya ce, "Wancan wurin da baƙo ya faɗa, cewa ba ta yi fushi ba. Shi ma cikin dambun yake?"

Saudatu ta gyara ƙullin da ke kanta, ta juya masa baya kamar yadda take juya wa rediyo.

"Na kira ta na tambaya," in ji ta. "Barakatu ta ce ka zo kawai."